Takarda Ta Ce Giram 1.40, Sikeli Ya Ce 1.62: Yadda Nake Koyar da Lissafin Samu a Haɗin Sinadarai

Wata ranar Laraba cikin zafin watan Afrilu, wata ɗalibata 'yar aji biyu a babbar sakandare ta zo gaban teburina da littafinta a buɗe, murna fal fuskarta. Ta ce, "Malam, rukuninmu ya fi na kowa. Kashi 116 cikin ɗari muka samu."

Na karɓi littafin na duba layi-layi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya a ninkawa ko rabawa ba. Garin kalsiyam kabonet giram 2.50 suka ƙona a ɗan kaskon tangaran. Lissafi ya ce su sa ran giram 1.40 na kalsiyam oksaid, wannan farin garin da idan an jiƙa shi yake zama farar ƙasar shafa wa bango. Sikeli kuwa ya nuna musu 1.62. Ta raba 1.62 da 1.40, ta ninka da ɗari, ta sami 115.7, ta cike shi zuwa 116. Tambaya ɗaya ce kawai ba ta yi wa kanta ba: wannan ƙarin, daga ina ya zo?

Zan dawo kan amsar. Amma kafin nan sai mun bi hanyar daga farkonta, domin wanda bai san yadda aka haifi 1.40 ɗin ba, ba zai gane abin da 1.62 yake faɗa masa ba.

Lambobi uku ne a wannan al'amari, kuma na saba kiran su da sunayen da ba sa rikita yara. Na farko samun takarda: iyakar abin da haɗin zai iya bayarwa da a ce kowace ƙwayar sinadari ta yi aikinta, ba a zubar da komai ba, ba abin da ya maƙale a jikin kwano. Wannan da biro ake samo shi. Na biyu samun hannu: abin da ka tace, ka busar, ka ɗora a sikeli da kanka. Wannan ba a lissafa shi, auna shi ake yi, a jarrabawa kuma ba ka shi ake yi a cikin tambayar. Na uku kason samu:

kason samu = (samun hannu ÷ samun takarda) × 100

Wannan layi na ƙarshe shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya faɗi a kansa ba. Inda ake zubar da maki, inda kuma ake ɓata sinadarai, wajen nemo samun takarda ne.

Matakin farko, ka rubuta ikweshan ɗin haɗin ka daidaita shi. Ka ƙirga kowane atam a hagu, ka ƙirga shi a dama, su zo daidai. Na dutsen farar ƙasa, wato kalsiyam kabonet (CaCO3) da ke rabewa zuwa kalsiyam oksaid (CaO) da iskar kabon dayoksaid (CO2), ya zo a daidaice tun asali:

CaCO3 → CaO + CO2

Kalsiyam ɗaya nan, ɗaya can. Kabon haka. Oksijin uku a hagu, ɗaya da biyu a dama. Dalilin wannan ƙirga shi ne ƙa'idar da Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya bayyana ƙarara a 1789: a haɗin sinadarai ba abin da ke ɓacewa, ba kuma abin da ke faɗowa daga sama, kama kawai abubuwa ke sauyawa. Bayan shekara uku, a 1792, wani Bajamushe, Jeremias Richter, ya raɗa wa fannin auna yawan abin da ke haɗuwa da wani suna, sitoikiyometiri. Sunan na da nauyi a baki, amma aikin ƙirga ne irin na ɗan kasuwa. Idan ikweshan ɗinka bai daidaitu ba, duk abin da ka gina a kansa ginin toka ne. Kada ka ci gaba.

Mataki na biyu shi ne zuciyar maganar, kuma ina so ka riƙe shi da hannu biyu: lambobin da ke gaban sinadarai a ikweshan ba giram suke nufi ba. Adadi suke nufi. Sinadarai ba sa haɗuwa da nauyi, da ƙirge suke haɗuwa, ƙwaya da ƙwaya. Mu kuwa ba mu da idon ƙirga ƙwayoyin, sikeli kawai muke da shi. Gadar da ke tsakanin sikeli da ƙirge ita ce mol.

Ga yadda nake bayyana shi a aji. Kiret ɗin ƙwai guda talatin ne, ko na kaza ne ko na zabi. Adadin ɗaya ne, nauyin ya bambanta. To mol ma kiret ne, sai dai babba ƙwarai: ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne, mol ɗaya na kalsiyam giram 40, amma yawan ƙwayoyin cikinsu daidai yake. Nauyin mol ɗaya na kowane haɗaɗɗen sinadari kuwa, tara nauyin atam ɗinsa kawai za ka yi daga jadawalin sinadarai, ko daga lambobin da ake sa wa a ƙarshen tambayar WAEC ko NECO. Na CaCO3: 40 da 12 da 16 sau uku, wato 100. Na CaO: 40 da 16, wato 56. Na CO2: 12 da 32, wato 44. Ka lura 56 da 44 sun koma 100. Ka riƙa yin wannan ɗan binciken, ba ya cin daƙiƙa biyar, kuma yana kama kuskure da wuri.

To sai ka mai da giram mol:

mol = nauyi a giram ÷ nauyin mol ɗaya

Nata: 2.50 ÷ 100 = mol 0.0250 na CaCO3.

Mataki na uku, ka tambayi ikweshan: mol nawa na abin da nake nema zan samu daga wannan? A nan ɗaya ne ga ɗaya, saboda haka mol 0.0250 na CaO. Mataki na huɗu, ka koma giram: 0.0250 × 56 = giram 1.40. Samun takarda ke nan. Daga giram zuwa mol, daga mol ɗin wannan zuwa mol ɗin wancan, daga mol zuwa giram. Kowace tambaya a wannan babi, komai tsawonta, ta wannan hanya take bi.

Wannan lissafin ɗan kasko shi ne lissafin manyan masana'antun siminti irin na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a jihar Gombe, da Malbaza a jihar Tawa ta Nijar. Tan ɗaya na tsantsar kalsiyam kabonet ba zai taɓa ba da fiye da kilo 560 na kalsiyam oksaid ba, sauran kilo 440 iskar kabon dayoksaid ce ta bi bututun hayaƙi. Kuma dutsen da ake fasowa daga ƙasa ba tsantsa ba ne, akwai yashi da laka a cikinsa. Idan aka ce maka dutsen kashi 90 cikin ɗari ne kabonet, to da kilo 900 za ka fara lissafi, ba da 1000 ba, samun takardarka ya zama kilo 504. Masu shirya jarrabawa na son ɓoye wannan a tsakiyar tambaya, yara kuma na son tsallake shi.

Yanzu mu koma ga ɗalibata. Na tambaye ta, "Abin da ya rage a kaskon, kin tabbata duka kalsiyam oksaid ne?" Ta ce fari ne fat, Malam. Na ce wanda kuka zuba da farko fa, wane launi ne? Ta yi shiru, sannan ta ce shi ma fari ne.

Amsar ke nan. Kalsiyam kabonet ba ya sakin iskarsa sosai sai zafi ya doshi digiri 900 a ma'aunin Selsiyos, kuma ƙaramar wutar gas ta ɗakin gwaji da ƙyar take kai tsakiyar garin ga wannan zafi. Wani ɓangare ya ƙone, wani bai ƙone ba, kuma wanda bai ƙone ba ya fi nauyi domin har yanzu yana ɗauke da iskarsa. Abin da suka auna gauraye ne. A irin wannan haɗi, inda iska ke fita ta bar daskararren abu, rashin kammaluwa nauyi yake ƙarawa, ba ragewa ba.

Hanyar gano gaskiya ita ce ka dubi abin da ya tafi, ba abin da ya zauna ba. Sun fara da 2.50, sun ƙare da 1.62, wato giram 0.88 ya fita a matsayin CO2. Raba 0.88 da 44, mol 0.020. Mol ɗin CaO da aka samu ke nan, nauyinsa 0.020 × 56 = giram 1.12. Sauran 0.50 da ke cikin kaskon kabonet ne da wuta ba ta ci ba. Haɗa 1.12 da 0.50, ga 1.62 ɗinsu ya fito cif. Kason samunsu na gaskiya 1.12 ÷ 1.40 × 100, kashi 80 cikin ɗari.

Na daɗe a kan wannan misali saboda shi ne darasin da na fi so yara su tafi da shi. Kason samu ba ya wuce ɗari. Idan ya wuce, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai abin bai bushe ba, ruwa kake aunawa tare da shi. Ko akwai baƙon abu a ciki. Ko haɗin bai kammala ba, kamar nasu. Ko ka manta ka cire nauyin kwano ko na takardar tacewa. Ko kuma samun takardarka ne ba daidai ba tun farko. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka kama ɓarawon. Shi kalsiyam oksaid yana da wani halin kuma: da zarar ya fara hucewa yake zuƙar laima daga iska, musamman da damina, nauyinsa na hawa kana kallo. Shi ya sa ake rufe kaskon a bar shi ya huce a tukunyar gilashi mai busarwa, a auna da sauri, a sake ƙonawa, a sake aunawa, har sai awo biyu a jere sun zo ɗaya. Wani ɗan gargaɗi a gefe: kada ka ɗauko allin rubutu ka daka ka ce ka sami kalsiyam kabonet. Allin allo da yawa da kalsiyam salfet ake yin sa, ba zai ba ka wannan lissafi ba.

Misalin dutsen ya zo da sauƙi domin abu ɗaya ne ya shiga wuta. Idan sinadarai biyu ne kuma aka ba ka adadin kowanne, akwai ƙarin tambaya da dole ka amsa kafin komai: wanne ne zai fara ƙarewa? Shi ke yanke yawan abin da za a samu, ɗayan kuwa rara zai bari.

Ka ɗauka kana harhaɗa adaidaita sahu. Kowanne na bukatar jiki ɗaya da taya uku. A shago kana da jiki 5 da taya 12. Wanda ya yi duban gaggawa zai ce jiki ne ya yi kaɗan, tunda 5 bai kai 12 ba. Amma taya 12 keke 4 kawai za su ɗauka. Jiki ɗaya zai zauna a ƙasa yana jira. Taya ce ta fara ƙarewa, duk da ita ta fi yawa a ƙirge.

Daidai wannan ne ke faruwa a haɗin amoniya, uwar takin zamani irin yuriya:

N2 + 3H2 → 2NH3

A ce an ba ka naitirojin giram 140 da haidirojin giram 24. Mol ɗaya na N2 giram 28 ne, saboda haka kana da mol 5. Mol ɗaya na H2 giram 2 ne, kana da mol 12. Dabarar ita ce ka raba mol ɗin kowanne da lambar da ke gabansa a ikweshan. Naitirojin: 5 ÷ 1 = 5. Haidirojin: 12 ÷ 3 = 4. Wanda ya ba da ƙaramar amsa shi ne mai fara ƙarewa, wato haidirojin. Daga nan ka manta da ɗayan, ka gina lissafinka a kan mai ƙarewar kaɗai. Mol 3 na H2 na ba da mol 2 na NH3, saboda haka mol 12 zai ba da 8. Mol ɗaya na amoniya giram 17 ne, 8 × 17 = giram 136. Naitirojin mol 4 aka ci, mol 1 ya rage, giram 28. Bincika: 140 da 24 sun zama 164, 136 da 28 su ma 164. Lissafi ya rufe.

Kada ka taɓa yanke hukunci da giram. Idan ka gauraya garin ƙarfe giram 10 da farar wuta giram 8 ka ƙona, ido zai ce farar wuta ce kaɗan. Amma 10 ÷ 56 mol 0.179 ne, 8 ÷ 32 kuwa mol 0.25, kuma ɗaya ga ɗaya suke haɗuwa. Ƙarfen ne zai ƙare, duk da ya fi nauyi.

Tunda na kawo amoniya, bari in faɗi wani abu da ke nuna cewa ƙaramin kaso ba koyaushe laifin mai aiki ba ne. Wannan haɗi mai komawa baya ne: amoniya na samuwa, wata kuma na warwarewa ta koma iskokinta. Fritz Haber ya nuna ana iya yin sa a ɗakin gwaji a 1909, Carl Bosch ya mai da shi aikin masana'anta a garin Oppau na Jamus a 1913. Har yau, da zafin da ya kai digiri 450 ko kusa da haka, da matsin iska ninki 200 na wanda muke shaƙa, da ƙarfe mai saurinta haɗin, abin da ke zama amoniya a zagaye ɗaya bai wuce wajen kashi 15 cikin ɗari ba. Wato daga giram 136 ɗinmu na takarda, wajen 20 za ka gani. Hikimar masana'antar ita ce a sanyaya iskar, amoniya ta zama ruwa a kwashe, ragowar naitirojin da haidirojin a mai da su cikin tukunya. Da wannan zagayawa ake kaiwa sama da kashi 95. Kason samu yana gaya maka inda za ka nemi gyara. Wani lokaci gyaran a hannunka yake, wani lokaci a halin haɗin kansa.

Gwajin da na fi so in yi da ɗalibai shi ne na kofa salfet, wani gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi, saboda ido na ganin komai. Ana ɗumama asid ɗin salfurik mai ƙarfin mol 1.0 a kowace lita, a auni cm³ 50, a riƙa zuba baƙin garin kofa oksaid giram 5.0 kaɗan-kaɗan ana juyawa.

CuO + H2SO4 → CuSO4 + H2O

Ruwan da ya fara garau kamar na famfo sai ya riƙa rinewa, shuɗi mai haske, sannan shuɗi mai duhu, har a kai inda baƙin garin ya daina narkewa, ya kwanta a gindin bika, wato kofin gilashin gwaji, duk yadda aka juya. Wannan baƙin da ya ƙi narkewa shi ne rarar, kana ganinsa da idonka. A lokacin nake tsayar da kowa in ce a ajiye sandar juyawa a ɗauki biro.

Idan sinadari a narke yake cikin ruwa, mol ɗinsa shi ne ƙarfinsa a ninka da yawan ruwan, amma yawan a lita. Raba cm³ da 1000 tukuna: 50 ÷ 1000 = 0.050, sau 1.0, mol 0.050 na asid. Mantuwa da wannan 1000 ɗin ta ci makin yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Kofa oksaid kuma nauyin mol ɗinsa 63.5 da 16, wato 79.5, 5.0 ÷ 79.5 = mol 0.063. Ɗaya ga ɗaya suke, saboda haka asid ne mai ƙarewa. Da gangan aka tsara haka, domin tace rarar gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan raba rarar asid da gishirin. Lissafi ya ce wajen giram 1.0 na baƙin gari zai rage a takardar tacewa, kuma idan ka busar ka auna za ka ga ya zo kusa.

Sai a tace, a dafa ruwan shuɗin har ya ragu sosai, a sauke a bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da tsakuwoyi shuɗɗa masu ƙyalli, masu gefe a karkace kamar an yanka su da wuƙa. A nan akwai wani rami. Waɗannan tsakuwoyi ba CuSO4 zalla ba ne, kowace ƙwaya na riƙe da ruwa biyar a cikin gininta: CuSO4·5H2O. Nauyin mol ɗinsa 159.5 ne da 90 na ruwan, wato 249.5. Samun takarda 0.050 × 249.5, giram 12.5. A ce bayan an tsame an busar tsakanin takardun tacewa an sami giram 8.9. Kaso ya zama 8.9 ÷ 12.5 × 100, wajen kashi 71. Wanda ya manta da ruwa biyar ɗin ya yi aiki da 159.5 zai sami samun takarda 7.98, kasonsa ya tashi 112, alhali hannunsa bai yi kuskuren komai ba. Ka tambayi kanka kullum: ainihin me na ɗora a sikeli? Da nauyin mol ɗin wannan abin za ka yi lissafi.

Ina sauran giram 3.6 suka tafi? Mafi yawa suna cikin ruwan shuɗin da aka tsiyaye daga kan tsakuwoyin. Ruwa giram 100 na riƙe wajen giram 32 na wannan gishiri a zafin digiri 20, kuma a ɗakin gwajinmu cikin bazara, inda zafi ke haura 35, ya fi haka riƙewa. Shi ya sa rukunin da ya yi gwajin da hunturu kan fi samu. Wani kaso ya jiƙa takardar tacewa, ka ga ta yi shuɗi. Wani ya fantsama lokacin dafawa idan wuta ta yi yawa. Wani ya maƙale a jikin bika da sandar juyawa. Duk lokacin da ka juye abu daga wannan mazubi zuwa wancan ka biya haraji. Matan da ke matsar man gyaɗa sun san wannan ba tare da biro ba: komai ƙarfin hannu, akwai man da zai zauna a cikin ƙuli-ƙuli.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma da gaske nake. Na sha kama ɗalibai, har da waɗanda suka wuce sakandare, suna goge 8.9 su rubuta 12.1 don kaso ya yi kyau a ido. Sun ɗauka kaso maki ne. Ba maki ba ne, rahoto ne. Ɗalibin da ya rubuta kashi 55 ya kuma bayyana cewa ruwansa ya tafasa ya zube, ya nuna ya fahimci aikin, ni cikakken maki nake ba shi. Wanda ya kawo mini kashi 97 a gwajin da na san ruwan tsiyaya kaɗai na tafiya da fiye da kashi ukun da suka rage, kiran sa nake yi mu zauna. Yaron da ya saba gyara lamba a littafin gwaji, gobe shi ne zai riƙe littafin awo a kamfanin magani ko na tace ruwan sha, kuma a can mutane ne ke shan sakamakon. Wani ɓangaren laifin namu ne malamai, da muke yaba babban kaso a gaban aji ba tare da tambayar yadda aka same shi ba. Wani kuma na makarantun da ba su da sikeli mai aiki ne, inda yaro zai gama aji uku bai taɓa auna komai da hannunsa ba, sai lambobin da aka rubuta masa a allo.

Lissafin yana tafiya da baya ma, kuma a aikin gaske ta bayan aka fi amfani da shi. A ce ina bukatar giram 10 na tsakuwoyin nan don darasin mako mai zuwa, na kuma san hannuna kan ba da wajen kashi 70. Ba zan shirya na 10 ba. Zan raba 10 da 0.70, in sami 14.3, shi ne samun takardar da zan nufa. 14.3 ÷ 249.5 mol 0.057 ne, wato asid cm³ 57, sai in auni 60 in huta. Ka kula, rabawa ake yi da kason, ba ninkawa ba. Idan amsarka ta nuna za ka fara da ƙasa da abin da kake nema, ka san ka juya ta.

Idan kuma aikin matakai ne da yawa, abin da wannan ya haifa shi ke shiga na gaba, kason kowane mataki ninka su ake yi. Matakai uku, kowanne kashi 80: 0.8 × 0.8 × 0.8 = 0.512, rabi da ɗan ɗoriya. Matakai goma, kowanne kashi 90, abin da zai fito ƙarshe bai kai kashi 35 ba. Masu haɗa magunguna da wannan suke kwana suke tashi, shi ya sa cire mataki ɗaya daga hanya babbar riba ce a wurinsu.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna cin maki. Kada ka cike lamba a tsakiyar hanya, bar ta a kalkuleta sai ƙarshe. Da ka mai da 0.025 zuwa 0.03 tun farko, ka shigar da kuskuren kashi 20 da hannunka. Amsar ƙarshe kada ta fi awonka yawan lambobi: sikelin da ya ba ka 8.9 bai ba ka izinin rubuta 71.3426 ba. Samun hannu da na takarda su kasance a ma'auni ɗaya, giram da giram ko mol da mol, kada ka raba kilo da giram. Idan abin da ake samu iska ce kuma tambaya ta ce a ma'aunin zafi da matsi na ƙa'ida, mol ɗaya na cika lita 22.4, sauran hanyar ba ta sauya ba. Kuma ka rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, g ko mol ko cm³. Lambar da ba ta da suna ita ke ɓata a hanya.

Akwai kuma abin da kason samu ba ya faɗa. Ko da ƙona dutsen nan ya ba da ɗari bisa ɗari, kashi 44 na nauyinsa ya tafi iska, domin haka ikweshan ɗin yake. Auna wannan ɓangare wani lissafi ne daban, na tattalin atam, wanda masanin Amurka Barry Trost ya gabatar a 1991. Kada ka haɗa su a amsa ɗaya.

Ita kuwa ɗalibar tawa, ban ce ta goge 116 ba. Na ce ta ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta shi, ta rubuta dalili a gefe. Suka mai da kaskon kan wuta, suka buɗe ƙofar iskar murhun har harshen ya koma shuɗi yana gurnani, suka baza garin siriri da waya. Awo na biyu ya ba da 1.52. Na uku 1.49. Ana haka aka kaɗa ƙararrawar tashi, nauyin bai tsaya wuri ɗaya ba tukuna. Ta cire 1.49 daga 2.50 ta sami 1.01, ta raba da 1.10, wato iyakar iskar da giram 2.50 zai iya saki, ta rubuta kashi 92. A ƙasa ta ƙara layi da hannunta: ba a kai ga tsayayyen nauyi ba, lokaci ya ƙare. Ta ce, "Malam, ranar Juma'a za ka buɗe mana ɗakin mu ƙarasa?" Na ce su zo da ƙarfe goma, kafin a fita masallaci.